Shin waya za ta iya rage kuɗin jinyar tarin fuka?

Tambaya: Ƙanena yana shan maganin tarin fuka, kuma kuɗin motar zuwa asibiti ya fara gagarar mu. Na ji cewa a wasu ƙasashe ta waya ake sa ido a kan masu shan maganin. Shin hanyar ta fi sauƙin kuɗi, kuma ana warkewa da ita? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Wata 6 ake shan wannan magani, kuma wanda ya yanke shi a tsakiya yana iya jawo wa kansa nau'in da ba ya jin magani, mai tsadar jinya, shi ya sa aka daɗe ana so majinyaci ya haɗiye ƙwayar a gaban ma'aikacin lafiya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa ido ta bidiyo, wato ma'aikaci ya ga majinyaci yana haɗiye ƙwayar ta waya, da kuma akwatin magani mai rubuta lokacin da aka buɗe shi. A Indiya kuwa akwai 99DOTS, inda majinyaci kan ɓallo ƙwayar daga kwalinta, sai wata ɓoyayyiyar lambar waya ta bayyana, ya kira ta kyauta don a san ya sha.

Ta fuskar kuɗi, wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2019 ya ƙiyasta cewa sa ido ta bidiyo na wata 6 ya ci fam 1,645 na kuɗin Ingila, alhali ganin majinyaci ido da ido sau biyar a mako ya ci fam 5,700. Sai dai albashin ma'aikaci a can yana da yawa, don haka rarar ba za ta kai haka ba a inda albashi ke ƙasa, data ke da tsada, cajin waya ma sai an biya.

Batun warkewa ya fi damu na. Wani babban gwaji a ƙasar Sin, da aka wallafa a 2023, ya nuna cewa akwatin ya rage tsallake magani, amma bai ƙara yawan waɗanda jinyarsu ta yi nasara ba. Buɗe akwati ba ya tabbatar da an haɗiye ƙwayar, kuma idan saƙo ya nuna an tsallake kwana biyu amma babu ma'aikacin da zai kira ko ya bi majinyaci gida, an yi asarar kuɗin na'urar.

Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, saboda haka ki roƙi ma'aikacin da ke kula da ƙanenki ya rubuta sunanki a matsayin mai sa masa ido a gida, ku riƙa karɓo na makonni a zuwa ɗaya.