Inshora sun ƙi biyan allurar ƙashi, kada ki bari lokacinta ya wuce

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Amurka, shekarunta 59, tana aikin kula da tsofaffi. Ta ce tana da raunin ƙashi, an yi mata allurar Prolia har sau uku, da wurin aikinsu ya canza kamfanin inshora sai sabbin suka ce ba za su biya ba sai ta fara gwada ƙwayar alendronate, alhali ta sha ta a baya ta dinga ƙona mata ƙirji. Wai ko ta haƙura sai ta je gida ƙarshen shekara?

Hajiya don Allah kar ki haƙura, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Allurar nan duk wata 6 ake yinta kuma ba a katse ta haka kawai, in aka yi jinkiri sosai ƙarfin da ƙashi ya samu zubewa yake da sauri har ƙashin baya ya iya tsagewa, ga shi ke kullum cikin ɗaga mutane kike. Yau ɗin nan ki kira ofishin likitanki ki faɗa musu ranar da aka yi miki ta ƙarshe.

Ki ɗauko takardar da suka aiko ki duba dalilin da suka rubuta da kwanan wata. A dokar lafiya ta Amurka ta 2010 kina da kwana 180 ki ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, su kuma kwana 30 gare su su amsa tunda ba a riga an yi allurar ba, amma in likita ya rubuta cewa jira haɗari ne ga lafiyarki to cikin awa 72 ne. Wannan ta gaggawar za ki nema.

Wasiƙar likita ita ce ƙarfinki, ba roƙo ba. Ya saka sakamakon hoton DXA, wato hoton da ake auna ƙarfin ƙashi da shi, in makin T da hoton ke bayarwa ya kai -2.5 ko ƙasa da haka raunin ƙashi ne tabbas, ya rubuta yaushe kika sha alendronate da abin da ta yi miki, da karaya in kin taɓa yi, da cewa kin riga kin yi nisa a kan allurar. Ki roƙe shi ya nemi magana ta waya da likitan kamfanin, sau da yawa a nan ake kashe maganar. Duk wanda kika yi waya da shi rubuta sunansa da rana da lambar kiran, in Turancinsu ya yi miki sauri ki ce a haɗa ki da tafinta.

In sun sake ƙi, kina da wata 4 ki nemi masu dubawa na waje waɗanda ba ma'aikatansu ba, hukuncinsu dole kamfanin ya bi.

Zancen tafiya gida kuwa, a fara yi miki allurar tukunna, sannan ki ƙirga wata 6 daga ranar allurar, ki sa ranar dawowa a tikiti kafin su cika.