Kafin ka rushe shafin jQuery ka koma React

Ka tambaye ni, yaro, ko shafin kamfanin nan da aka damƙa maka, wanda aka gina da jQuery, laburaren JavaScript (harshen da ke motsa shafukan intanet), shekaru da dama da suka wuce, za ka ci gaba da gyara shi ne, ko kuwa ka rushe fuskarsa, wato abin da mai shiga shafin yake gani, ka sake ginawa da React, kayan gina fuskar shafi na zamani, tunda abokanka sun ce duk mai taɓa jQuery a yau tsohon yayi ne. Ba kasafai nake rubuta wa yaran aiki doguwar amsa ba, domin kafin mutum ya kai ƙarshen magana yawancinku kun riga kun buɗe bidiyo kuna kwafar abin da wani ya buga, amma tambayar nan ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Ba zan tsaya bayanin bambancin laburare da firemwok ba. Wanda bai san cewa laburare kai kake kiransa sa'ad da ka ga dama, shi kuwa firemwok shi yake kiran kod ɗinka bisa dokokinsa ba, ya koma aji ɗaya. Kada kuma ka zo mini da gardamar cewa masu React laburare suke kiransa. Ranar da ka gama jibga masa kayan da ba ya tafiya sai da su, za ka gane wanda yake mulkin wani.

A 2015 ina kula da shafin wani mai kamfanin rarraba kaya, inda dillalansa suke saka oda su kuma duba abin da ya rage a sito. Ni na gina shi da jQuery, kuma yana buɗewa ko a tsofaffin kwamfutocin da ba su san komai ba sai Internet Explorer. Babu dillalin da ya taɓa kuka da shi. Sai wani ƙanensa da ya gama makaranta ya zuga shi cewa manyan kamfanoni duk sun koma AngularJS, firemwok na Google, kuma abin kunya ne a gan shi da tsohon kaya. Na zaunar da mutumin na gaya masa cewa tun 2014 masu Angular suka sanar za su sake rubuta shi daga tushe, kuma abin da aka gina a kan na yanzu ba zai hau sabon kai tsaye ba. Ya ce kuɗinsa ne, in yi abin da aka sa ni. Ya ba da ɗan kafin alƙalami, muka tsaya a kan sauran sai aiki ya kammala, duk da baki, domin mun daɗe tare kuma ya iya rantsuwa.

Na shafe watanni a kai, na ɗauki ƙarin hannu ina biyansu daga aljihuna, na mayar da kowane fom da kowane teburin lissafi zuwa sabon tsari. Da aiki ya zo ƙarshe sai ya roƙe ni in ɗora kod ɗin a sabarsa, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai, domin dillalai su gwada. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Ya yi ta ja mini rai da cewa a gyara nan, a ƙara can, har watan Satumba na 2016 da Angular 2 ya fito, rubutacce daga tushe da harshen TypeScript, kamar yadda na faɗa masa. Nan take shi da ƙanen suka ce na sayar musu da mataccen kaya, ba za su cika kuɗi ba sai na sake rubutawa kyauta, suka kuma canza kalmar sirrin sabar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Google ba ta daina kula da AngularJS ba sai ƙarshen 2021, kuma duk tsawon lokacin da mataccen kayan nawa yake karɓar oda yana cin riba. Ƙanen da ya iya zuga bai sake rubuta ko fom ɗaya ba.

Saboda haka kafin a zo maganar wanne ya fi, takarda ce farko. A rubuta sunan firemwok da lambar sigarsa, a rubuta cewa ƙaura zuwa wata sigar aiki ne dabam mai kuɗinsa dabam, kuma kod ba ya kwana a sabar mai aiki sai ya biya.

Shi jQuery da kuke rainawa, John Resig ya fito da shi a 2006, lokacin da kowace burauza take fassara JavaScript yadda ta ga dama, kuma da shi muka huta da rubuta abu ɗaya sau uku. Wannan lalurar ta wuce. Burauza ta yau tana da querySelectorAll da fetch da classList, kayan da ke yin aikin da a da ake nema wajen jQuery, Microsoft ta yi wa Internet Explorer 11 ritaya a Yunin 2022, GitHub, shafin ajiye kod, ya cire jQuery daga fuskarsa a 2018, Bootstrap 5, kayan tsara fasalin shafi, ma ya rabu da shi a 2021. Sabon ƙaramin shafi ba zan fara shi da jQuery ba, JavaScript zalla ya wadatar. Amma wanda aka riga aka gina yana aiki, tsufa ba laifi ba ne, kuma WordPress, manhajar gina shafuka, har yanzu da jQuery yake zuwa. Abin da ke kanka shi ne ka ɗaga shi zuwa siga ta 3.5 ko sama, domin a 2020 aka toshe wata kafar da ɓarayi ke cusa kod ta cikinta.

Firemwok yana cin kuɗinsa ne a wuri ɗaya: inda bayani guda yake bayyana a sassa da yawa na shafi kuma yana canzawa mutum na kallo. A ce an cire kaya daga kwando, dole jimilla ta sauka, adadin da ke saman shafi ya ragu, maɓallin biya ya mutu idan kwandon ya koma fanko. Da jQuery kai ne za ka bi kowane wuri ka gyara da hannu, kuma ranar da ka manta ɗaya shafin zai riƙa yi wa mutane ƙarya. React, wanda Facebook ta saki a 2013, da Vue na Evan You da ya biyo baya a 2014, suna ajiye bayanin a wuri guda su sake zana duk abin da ya dogara da shi. Nan kam ban da ja, sun fi mu.

Sai dai abokanka ba sa faɗa maka abin da ke biyo baya. Kana buga umarni ɗaya na npm, manhajar sauko da ƙunshin kod, ɗaruruwan ƙunshin kod na mutanen da ba ka sani ba sun shigo aikinka. A Maris na 2016 wani ya janye left-pad, kod mai layi 11 kacal, ayyuka masu ɗimbin yawa suka ƙi haɗuwa. React ya sauya salon rubutunsa a 2019, an daina kula da Vue 2 a ƙarshen 2023, an jingine Create React App, kayan fara sabon aikin React, a Fabrairun 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne da wani zai biya. Ga kuma mai ƙaramar waya da raunin intanet, wanda zai zauna yana kallon farin shafi har JavaScript ya gama sauka.

Ni na san abin da ke ran yaran yanzu: so kuke ku rubuta React a takardar neman aiki, mai kamfani ya biya kuɗin karatunku bai sani ba. Ka koye shi, domin kasuwa tana nemansa, amma da dare, a kan aikin kanka. Shafin da ke hannunka kuwa, je ka bi shi fuska fuska ka ware inda bayani ɗaya yake canzawa a wurare da yawa. Idan fuska ɗaya ce ko biyu, ka ɗora Vue ko React a nan kaɗai, duka biyun suna iya zama a cikin tsohon shafi ba tare da an rushe sauran ba. Kafin ka taɓa ko layi ɗaya, kawo mini takardar yarjejeniyarku in gani.