Ga mai tambaya kan lambun gari: mu mun yi namu, ga abin da munka gani

Assalamu alaikum ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce matasan ƙauyenku can wajen Gummi kuna son ku yi gayya ku dasa itatuwan marmari a filin gari wanda ba na kowa ba, kana tambaya ta ina za ku fara kuma wane ice ya fi. To wallahi abin ya taɓa ni, don mu ma a ƙauyenmu nan ƙasar Jega irin shi munka yi, yau shekara bakwai ke nan, kuma karon farko kusan duk abin da munka dasa mutuwa ya yi.

Ranar dashe ba ta da wuya ko kaɗan. Kowa zai fito, a zo da fura, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Wahalar tana watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya sauko, rabin samarin sun tafi cirani, akuya ba ta da abin ci sai ɗanyen ganyen da kunka dasa. Mu a Yuli munka dasa, ruwa ya ɗauke wajen Oktoba, kowa na zaton wani zai yi ban ruwa, kafin azumi mun kai ga ƙirga waɗanda sunka rayu da yatsun hannu. Na tsaya cikin filin nan ina kallon sandunan da sunka bushe, raina ya ɓaci sosai, don har da kuɗin cefanen wasu tsofaffi a ciki.

Shi ya sa nike ce maka kafin ku sayi ko dashe ɗaya ku gama maganar fili. Kada ku yarda da "ai filin gari ne, ku je ku yi" na baki kawai. Ku zauna da mai unguwa da dagaci, a kai wa uban ƙasa, liman ya shaida, a rubuta iyaka gabas da yamma, a rubuta waye zai ci amfanin. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka a filayen karkara, to ku bi ta nan ku samu takarda da sunan ƙungiya ko na al'umma, ba da sunan shugaba ba. Mu sai da mangwaro ya fara 'ya'ya sannan wani gida ya taso wai kakansu ne ya sare dajin wurin, mun sha zaman sulhu har anka gaji, takardar da munka yi a karo na biyu ita ta cece mu. Kuma don Allah ku duba kada filin ya ci burtali ko hanyar mashaya, ku kira ardo a zauna da shi tun farko. Mu yaran Fulanin da ke kusa da mu yanzu su ke gaya muna in shinge ya ɓalle.

Sai shinge. In babu kuɗin waya ku yi da ƙaya, ku jera bini da zugu a bayanta tunda dabba ba ta cin shi, amma duk da haka kowane dashe a yi mishi ɗan kewaye nashi.

Maganar ruwa kuwa, abin da ya gyara muna shi ne munka daina cewa "na kowa ne". Kowane gida anka ba shi itace biyar, sunan gidan na littafi, in ya bushe an san wanda za a tambaya. Mata sun fi mu riƙon amanar wannan aikin, gaskiya ce, layin da anka ba ƙungiyar mata ko ɗaya bai mutu ba. Wata dabara da wani dattijo ya koya muna, a binne tulun ƙasa kusa da gindin dashen a cika shi da ruwa a rufe bakin, yana tsatsowa a hankali, sai ka kwana uku huɗu ba ka dawo ba. A lulluɓe gindin da ciyawa ko ƙaiƙayi, amma kada ya manne da jikin icen, gara na son haka. Mu toka muke barbaɗawa saboda garar, kuma ɗanyen taki bai shiga rami, sai wanda ya ruɓe. In filinku na kusa da fadama ku haƙa tubwel, shi ya fi sauƙi, famfon sola ya zo daga baya in Allah ya hore.

Iri kuma, ku nemi mangwaro mai aure, wato wanda anka haɗa reshen iri mai kyau a kan wani gindi, shi shekara 3 zuwa 4 ya fara, na ƙwallo sai ka jira 6 ko fiye. Ku ba shi tazarar mita 10, wato kamar 100 ke nan a hekta ɗaya, kada ganin ƙanƙantarsu ya sa ku cushe su. Tsakaninsu ku sa gwaiba da lemun tsami, da zogale da gwanda waɗanda tun shekarar farko za a fara tsinka, don mutane in ba su ga komai ba shekara biyu zuciyarsu na sanyi. Kashu ma na jure fari. Ku leƙa sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku, kuma Kebbi da Zamfara duk suna cikin jihohi 11 na shirin Great Green Wall, wato shirin dashen itatuwa don tare hamada, wani lokaci ana samun dashe ta nan, sai dai ku tambaya tun kafin damina ta faɗi.

Ni shawarata ku fara da 30 ko 40 kawai bana, in sun tsallake bazara sai ku ƙara. Mu yanzu in mangwaro ya nuna kashi uku muke yi, ɗaya gyaran shinge da man injin ban ruwa, ɗaya makarantar allo da marayu, ɗaya a raba gidajen da sunka yi ban ruwa, wanda ya faɗo ƙasa kuma na yara ne, ba mai hana su. Ka gaya mini nisan filin naku da ruwa da irin ƙasar, jigawa ce ko laka, sai in ce maka abin da zai fi kamawa.