Amsar Kawu a kan inda za ka kai sadakarka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka fara karɓar albashi wayarka ba ta hutawa da roƙo, wannan gidauniya ta turo lambar akawu, wancan ya turo hoton mara lafiya a WhatsApp, kana kuma tambaya ko al'adarmu ta fara kyauta daga dangi tana nan, ko ƙungiyoyi sun fi cancanta yanzu.

Fara raba zakka da sadaka tukuna, don ku yaran yanzu kuna cakuɗa su. Zakka bashi ce a kanka. In kuɗinka ya kai nisabi, wato ƙimar dinari 20 na zinariya, wajen giram 85, ya kuma shekara a hannunka, sai ka fitar da ɗaya bisa arba'in. Masu cin ta Allah ya riga ya ƙidaya su, kashi takwas, a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Ba ka bai wa mahaifiyarka ko matarka, don ciyar da su dama wuyanka yake, malamanmu na Malikiyya kuma ba su yarda a zuba ta a ginin masallaci ba. Sadaka ce ke da faɗi, ko maƙwabcinka Kirista ya shiga matsi kana iya miƙa masa.

Farawa da dangi ba son kai ba ne. Ya zo a hadisi cewa sadaka ga miskini sadaka ce, ga ɗan'uwa kuwa lada biyu ne, na sadaka da na zumunci. Sai dai wanda ya fi buƙata a cikinmu ba shi ne mai yawan buga maka waya ba. Ka ɗauki matar da miji ya rasu ya bar ta da yara a ɗakin haya a Rigasa. In ka je gaishe ta za ta shimfiɗa maka tabarma, ta aika a sayo maka ruwan leda, ka tambayi gida ta ce alhamdu lillahi. Kai dai dubi murhu. In azahar ta wuce babu alamar an hura wuta, ba sai ta faɗa maka komai ba. Iyayenmu ba sa miƙa wa irin wannan mata kuɗi a bainar jama'a. Bayan isha'i ake aika yaro da tiyar masara, ko a zaga wajen mai kanti a biya bashin da ya rubuta mata, a roƙe shi kada ya faɗi wanda ya biya. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an jera marayu, kowa riƙe da ƙullin shinkafa, ana ɗaukar su hoto. Yaron nan zai girma ya yi aure, hoton yana nan a intanet.

Ban ce ka guji ƙungiyoyi ba. Aikinsu ba baƙo ba ne a garin nan. A Kaduna Sardauna ya kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, kana kuma ganin 'yan agaji suna tsare sahu a masallacin Sultan Bello duk Juma'a. Amma ƙungiya wakiliyarka ce, wakili kuwa ana bincikarsa. Su wane ne shugabanninta? Ina ofishinsu? Akawun da suka turo sunan ƙungiya ne ko na mutum ɗaya? Rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, tana da kyau, sai dai takarda ce. Ni na fi natsuwa da kwamitin marayun masallacin unguwa da ke tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a. In mara lafiya ne aka ce yana kwance a asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho, hau Keke Napep ka je ka gan shi, ka biya kuɗin da hannunka a wajen biya, ka karɓi rasit.

Wata ran ma ba kuɗin ake nema ba. Gayyar da muke yi a gona ba ta mutu ba, kwata ta koma: ku yashe ta layinku kafin ruwa ya sauka. Kana da ƙuruciya, ka ba da jini in an nema, ka zauna da yaran maƙwabta ka koya musu lissafi ranar Asabar.

In ka zo gida ƙarshen wata ka tuna mini, akwai gidaje biyu a danginmu da ba zan rubuta sunansu a waya ba. Ka gaida maiɗakinka.