Yara biyar, keke biyar, ɗinki ba ya fita

Saƙonka ya iso ni bayan la'asar. Ka ce yanzu kana da yara biyar a shago, keke biyar, amma kayan da kuke fitarwa a mako bai kai wanda muke fitarwa mu uku ba lokacin da kake wurina. Ka ce wani ya ba ka shawarar ka daina biyan su kuɗin mako, ka koma biyan kowa gwargwadon rigar da ya ɗinka, kana so ka ji ra'ayina kafin azumi ya kama.

Da na kai kan wannan shawarar sai da na ajiye wayar na tashi na zagaya, don ta fama mini wani tsohon miki. Ba ka zo wurina ba tukuna a lokacin, shi ya sa ba ka san labarin ba, kuma ban cika son bayar da shi ba.

Azumin 2012 ne, wanda ya faɗo cikin damina, aka yi ƙaramar sallah a watan Agusta. Shekarar da aka yi rigimar cire tallafin mai a Janairu, lita ta tashi daga naira 65 ta tsaya a 97. Yau in an faɗa wa yaro haka dariya zai yi, amma mu a lokacin janareta ya fara cin ribarmu. Ina da yara bakwai a Fagge, kaya sun cika shago har ba wurin shimfiɗa sallaya. Sai wani maƙwabcina ya kawo mini wannan dabarar da aka kawo maka. Na karɓa. Makon farko abin da muka fitar ya kusa ninka na da. Yaran da nake fama da su su zo da hantsi suka koma kwana a shago. Daɗi ya kama ni, har na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni, na miƙa wa babban yarona almakashi na ce ya riƙa yanka, ni zan tsaya kan karɓar kaya da awo.

Ana cikin haka wani alhaji, wanda na shekara shida ina yi masa ɗinki, ya aiko da shadda Getzner, 'yar Ostiriya ta gaske, saiti goma, nasa da na 'ya'yansa da ƙannensa. Uku a ciki da babbar riga, yadi goma-goma. Ka san shaddar nan, in ka warware ta ƙamshinta da ƙarar da take yi kaɗai sun isa su sa ka wanke hannu kafin ka taɓa. Ban karɓi kafin alƙalami ba saboda sabo. Yaron nan, da yake yanzu lissafinsa na yawan riga ne, sai ya jera shadda hawa uku ya yanke da awo ɗaya, wai ai 'yan'uwa ne, jikinsu ɗaya. Ɗaya ta matse a kafaɗa, ɗaya hannu ya gaza da inci biyu. Ta ukun kuwa ya yanka gaban kaftani zanen shaddar na kallon sama, bayan na kallon ƙasa. A cikin shago da daddare ba za ka gane ba, amma da ka fita rana sai ka ga kamar yadi biyu aka haɗa. Mai guga shi ma yana sauri ya ɗora dutse da zafinsa a ƙirjin babbar rigar ɗaya daga cikin saiti ukun da aka ɓata, sheƙin wurin ya mutu, shatar dutsen ta fito ɓaro-ɓaro.

Ranar jajibiri alhaji ya zo da kansa. Ban ɓoye masa ba, na ware ukun na ce waɗannan laifinmu ne, zan biya. Maimakon ya tsaya a kan ukun, sai ya bi sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su, wannan wuya ya karkace, wancan aljihu ya yi ƙasa, a gaban yarana da masu jiran kaya. Wallahi bakwai ɗin nan ba abin da ya same su, ni na duba su da idona. Ya sa direbansa ya kwashe duka goman, ya ce ko sisi ba zai ba ni ba, kuma bayan sallah yana jiran sabuwar shadda ta saiti uku. Juma'ar da ta biyo baya na gan shi a masallaci sanye da babbar rigar da ya ce ba ta sawuwa, ɗansa a gefensa cikin kaftanin da ya ce wuyansa ya karkace. Muka haɗa ido ya kawar da kai.

Na shiga Kantin Kwari na sayi shaddar da kuɗin kekena Juki, wanda na yi shekara biyu ina zubin adashi kafin na mallake shi. Ina tsaye aka kwance kansa daga tebur aka ɗora a baro. Ga kuɗin surfani da na riga na biya, ga yara bakwai kowa ya zo da lissafinsa a takarda, har da wanda ya yi ɓarnar, tun da ni na ce kuɗin riga ne ban ce kuɗin riga mai kyau ba. Na biya su, don haƙƙinsu ne. Iyalina suka yi sallar nan da tsofaffin kaya, ni da nake ɗinka wa gari. Har yau in na tuna mutumin nan sai na yi istigfari, don zuciyata ba ta sake shi ba.

Saboda haka ga amsarka. In ka biya yaro don ya yi sauri, saurin zai ba ka, kuma sauri kan haifi nawa, don rigar da aka farke aka sake ta cinye lokacin riga biyu. In ma za ka biya da ƙirge, kada a ƙirga riga sai ta bi ta hannunka ka juya cikinta ka duba, kuma kuɗin ya shiga asusu ɗaya a raba wa kowa da matsayinsa. Ranar da na koma haka, yaran da kansu suka fara tsare juna, don ɓarnar ɗaya ta zama asarar kowa.

Amma ni ban yarda kuɗi ne matsalar shagonka ba. Na leƙo ku watan jiya, na zauna rabin awa ban ce komai ba. Kowane yaro na riƙe da rigarsa daga yanka har guga, kamar shago biyar a ɗaki ɗaya. Almakashi ɗaya, ana jiran sa. Na ga yaro ya tashi daga keke sau uku neman zare, na huɗun ya fita saye, ya dawo da rake a hannu. Ta ina aiki zai fita? Yanka naka ne, kai kaɗai, kuma ka yi shi da daddare ko da asuba, yadda in yara suka zo kowa zai tarar da nasa a ɗaure da sunan mai kaya da ranar karɓa. Ɗaya ya haɗa jiki, wanda hannunsa ya fi faɗawa ya riƙe wuya da aljihu, wani wando, ƙaramin ya yi kalmasa da maɓalli da guga. Hannun da ya yini yana ɗora wuya, kafin wata guda zai ɗora shi ba tare da ya kalla ba. In sun ƙware ka sauya musu, don kada ka yaye tela mai iya aljihu kaɗai. Zancen man keke da canza allura da sayen zare tun kafin ya ƙare ba zan ɓata bakina ba, in ba ka san su ba to banza ka zauna wurina.

Sai littafi. Ka san riga nawa shagonka ke iya fitarwa a yini, ka ninka da kwanakin da suka rage, in ya cika ka rufe karɓa ko sarki ne ya aiko. Ni sha biyar ga azumi nake rufewa. Kuma kowa ya kawo kaya ya ajiye rabin kuɗi, har abokinka, har surukinka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowace awa da janareta ya yi yana ruri yara na hira, daga aljihunka take fita. Ku tara aikin keken wuta da guga a yi su gaba ɗaya, sauran lokaci keken ƙafa bai mutu ba.

Yaran yanzu kuwa, Allah ya shirya. Ni shekara bakwai na yi wurin maigidana, biyun farko ban hau keke ba, gawayin guga nake hurawa ina saka maɓalli. Na yau wata shida yake so a yaye shi, ƙafa a kan keke ido a kan TikTok, kai ma sau nawa na ƙwace wayarka? Ka sa kwali a bakin ƙofa, waya ta shiga ciki, sai lokacin salla da abinci. Amma kai ma ka sauke naka nauyin. Yaron da ke jin yunwa ba ya ɗinka layi miƙaƙƙe, wanda ka riƙe wa kuɗinsa kuma jikinsa na shago hankalinsa na wani wuri. Ka biya su ranar Alhamis da yamma ko kai ba ka samu ba. In za ka yi faɗa ka bari mai kaya ya tafi. Da azumi ka ba su buɗa-baki da sahur, a yi aiki bayan asham, ƙarfe biyu kowa ya kwanta. Yankan da ya ci mini Juki, ƙarfe uku na dare aka yi shi, yaron ya kwana biyu bai runtsa ba.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, ka taho da littafin awonka da almakashinka, na ga bakinsa ya dakushe. Ka taho kuma da kaftani ɗaya da kowane yaro ya ɗinka, kada ka zaɓo masu kyau, in juya cikinsu in faɗa maka wanda za ka ɗora a kan wuya.