Bashin da ya ci bayan mun rabu, ni zan biya?

Tambaya: Malam, wata bakwai ke nan ina gidan iyayena a Aboabo, Kumasi, saki kuma bai auku ba. Maigidana ya ci bashin sidi 15,000 a wani kamfanin ba da rance, yanzu ma'aikatansu na sintiri a rumfata. Dole ne in biya?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. A shari'ar Musulunci da dokar Gana, igiyar aure kaɗai ba ta ɗora miki bashin miji. Ki nemi su nuna miki takardar rancen. In babu sa hannunki ko dangwalen yatsanki, nasa ne. Inda mata ke faɗawa rami shi ne tsayawa lamuni: in kin sa hannu a matsayin mai lamuni, rabuwa ba ta warware shi, har bayan saki. Kada ki ba su ko sidi ɗaya don su bar ki, kada kuma ki sa hannu a sabuwar takarda.

In fili ko gidan da aka saya cikin aure ya jinginar, sashe na 47 na Dokar Filaye ta 2020 ya wajabta rubutaccen izininki. Ki garzaya Hukumar Legal Aid, mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya.

Bashin da kika ci don abinci ko asibitin yara kuwa, a shari'ar Musulunci ciyarwa nauyi ne a kansa. Ki adana rasit da saƙonnin MoMo (tura kuɗi ta waya), da su za ki nemi ya mayar miki.