Matsattsaku a Cikin Hanci: Me Za Mu Yi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 9 ya yi wanka a tafki da damina, tun daga nan yake haɓo ta kafar hanci ɗaya, yau wajen mako biyu. Mahaifiyarsa ta ce ta ga wani baƙin abu ya leƙo ya koma. Wasu sun ce matsattsaku ne, mu zuba gishiri ko garin taba. Mu zuba? Akwai kuma saniyarmu da ke dalalar da yawu da jini.

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. Kada ku zuba masa komai, kada kuma ku sa hannu ku ja. Ku kai shi asibiti yau.

Abin da Hajiya ta gani ya yi kama da matsattsaku ƙwarai. Yana shiga ne tun yana ƙarami, siriri kamar zare, lokacin da yaro ya nutse ko ya kafa baki ya sha ruwa. Sai ya liƙe can ciki inda fata ke da taushi, ya yi ta tsotso yana ƙiba. A yawunsa akwai sinadarin hirudin da ke hana jini daskarewa, shi ya sa haɓon ba ya tsayawa, kuma jinin da ke zuba kan fi wanda ya sha yawa. Cizon ba shi da zafi sosai, sai a kwashe makonni ana neman maganin haɓo, mai laifin na kwance.

Gishiri na sa shi ya saki, gaskiya ne, idan a ƙafa ya kama. A hanci kuwa, in ya saki ba lallai ya fito waje ba. Yana iya gangarawa maƙogwaro ya toshe hanyar numfashi. Ja da ƙarfi kuma banza ne, jikinsa santsi gare shi, sai dai a yage wurin a ƙara jini. A asibiti akan haska ciki, a fesa maganin kashe zafi wanda ke sanyaya wa matsattsakun jiki, a kama shi da hantsaki. Ku roƙi a auna jinin yaron, don mako biyu na zubar jini kan bar yaro fari fat, da jiri da haki. Idan murya ta dishe, ko yana tarin jini, ko numfashi na yin ƙara, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

Matsalar tsohuwa ce. Nau'in da ake kira Limnatis nilotica, na Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, shi ya addabi sojojin Faransa na Napoleon a Masar a 1799 bayan sun sha ruwan kududdufai, har likitansu Larrey ya rubuta yadda suka riƙa tofar da jini.

Saniyar ma ina zargin abu ɗaya ne, in a tafkin take sha. A buɗe bakinta a duba ƙarƙashin harshe da dasashi da ganɗa. Wanda ya wuce can ciki aikin malamin dabbobi ne. Ku riƙa ɗebo ruwa ku tace da ƙyalle mai kauri ku zuba musu a komi, na gida kuma a tafasa, yara su haƙura da nutso a tafkin nan.